Kwamfutar da na haɗa da kaina tana mutuwa tana sake tashi ba tare da gargaɗi ba

Mai Tace Bidiyo, Kano

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haɗa kwamfuta, domin na shiga wata matsala da ta hana ni gudanar da aikina yadda ya kamata. Sana'ata ita ce tace bidiyon biki da na tarurruka, kuma a farkon wannan shekara na sayi kayan kwamfutar tebur ɗaya bayan ɗaya na haɗa ta da hannuna, saboda kwamfutata ta cinya ta daina ɗaukar nauyin aikin. Furosesar Ryzen 5 5600 ce a kan madabod mai B550, wato babban faifan da ake haɗa sauran kayan a kansa, da katin hoto RTX 3060 mai gigabait 12, da RAM ɗin DDR4 guda biyu masu gigabait 8 kowanne waɗanda aka rubuta 3200 a jikinsu, sai ma'ajiyar NVMe mai terabait 1 wadda na ɗora Windows 11 a kanta. Fawa fak ɗin kuwa, wato sashen da ke raba wa kayan kwamfutar wuta, tare da akwatin kwamfutar ya zo, kuma an rubuta wat 650 a jikinsa.

Ga yadda abin yake faruwa. Ina cikin aiki sai allo ya yi baƙi ƙirin, fitilar gaban akwatin ta ɗauke ta dawo, ƙarar fankoki ta yi ƙasa na ƙiftawar ido, sannan tambarin madabod ya bayyana kamar yanzu na danna maɓallin kunnawa. Babu shuɗin allo, babu wani saƙon kuskure, kuma ba ta daskarewa kafin ta mutu. Wata rana sai ta wuni lafiya ƙalau, wata rana kuma ta maimaita abin sau da dama kafin lokacin barci. Ya fi faruwa idan ina fitar da bidiyon da na gama tacewa, amma ta taɓa yi mini a lokacin da saƙonni kawai nake karantawa. Abin da na lura da shi kuma shi ne ya fi yawa da yamma, musamman bayan magariba.

Na goge Windows na sake ɗora shi sabo, na sauke direban katin hoto na baya-bayan nan, na bincika ƙwayar cuta ban sami komai ba. Wani mai sayar da kayan kwamfuta da na yi wa bayani ya ce mini madabod ne ya lalace, in kawo kuɗi ya ba ni wani, amma zuciyata ba ta kwanta da maganar ba tunda ko ganin kwamfutar bai yi ba. Game da wuta, muna amfani da wutar gari idan an kawo, idan an ɗauke kuma inbata mai batir da sola ce ke karɓa da kanta, kuma soket ɗin da kwamfutar take a kan layin inbatar yake. Don Allah daga ina ya kamata in fara? Akwai aikin mutane a hannuna, kuma duk lokacin da ta mutu a tsakiyar fitar da bidiyo sai na koma farko.

Mai Gyaran Kwamfuta, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a sana'a. Shawarata ta farko ita ce ka riƙe kuɗinka tukuna, domin a cikin duk abin da ka bayyana babu abin da ya nuna madabod kai tsaye, kuma idan ka canza shi alhali cutar tana wani wuri, sabon ma haka zai riƙa yi.

Irin wannan mutuwar iri biyu ce, ko da yake a ido kama ɗaya suke yi. Akwai wadda Windows ne da kansa yake cin karo da kuskuren da ba zai iya jurewa ba, sai ya tsaya, ya rubuta abin da ya faru, ya sake tashi, kuma wani lokaci yana yin hakan da saurin da mutum ba zai ga shuɗin allon ba. Akwai kuma wadda aka yanke wa kwamfutar numfashi daga ƙasa, ko dai wuta ta gaza ko wani sashe na ƙarfenta ya yi tuntuɓe, ta yadda Windows bai sami damar rubuta komai ba. Sai ka san wacce ce taka kafin ka taɓa sukurdireba.

Ka danna maɓallin Windows da harafin R, ka rubuta sysdm.cpl, ka shiga Advanced, sannan Startup and Recovery, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga nan idan kuskuren na Windows ne, allon zai tsaya ka karanta sunan kuskuren. Bayan haka ka buɗe Event Viewer, ka shiga Windows Logs, ka zaɓi System, ka nemi saƙon Kernel-Power mai lamba 41 a daidai lokacin da ta mutu. Mutane da yawa suna ganin kalmar Power a nan sai su yanke hukuncin cewa fawa fak ne, alhali lamba 41 ba ta faɗin dalili. Abin da take cewa kawai shi ne kwamfutar ta tashi ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba. Abin dubawa yana cikin Details, wurin da aka rubuta BugcheckCode. Idan akwai wata lamba a gabansa, to Windows ya ga kuskuren, kuma za ka tarar da ƙaramin fayil a C:\Windows\Minidump wanda za mu iya karantawa. Idan sifili ne, mun koma nau'i na biyu. Ka kuma duba ko akwai saƙon WHEA-Logger mai lamba 18 a kusa da lokacin, domin a kan Ryzen wannan saƙon kan nuna cewa furosesa ko hanyar da ke tsakaninta da RAM ba ta daidaita ba.

Sai maganar RAM, wanda a gwajina ya fi kowane sashe jawo irin wannan a sababbin haɗi. DDR4 yana tashi ne a kan 2133 ko 2400 da bolt 1.2, sai an kunna XMP, wato saitin ƙara gudun RAM, a cikin BIOS, manhajar saitin madabod, kafin ya hau 3200 da aka rubuta, kuma galibi da bolt 1.35. Ryzen 5 5600 tana ɗaukar 3200 bisa bayanin kamfaninta, don haka bai kamata ya zama matsala ba, amma idan guda biyun ba a kwali ɗaya suka zo ba, ko kuma ba a ramukan A2 da B2 ka sa su ba, wato na biyu da na huɗu idan ka ƙirga daga furosesa, za su iya yin gardama. Ka ɗora MemTest86, manhajar gwada RAM, a kan filashi, ka tashi kwamfutar daga gare shi, ka bar shi ya gama zagaye huɗu. Kuskure ko guda ɗaya ne ya isa hujja.

Ina roƙonka abu biyu. Kada ka sabunta BIOS a wannan halin, domin idan ta mutu a tsakiyar rubutun za ka iya rasa madabod ɗin da gaske. Sannan abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka rubuta shi da lokacin da ka canza, in ba haka ba ko ta warke ba za ka san me ya warkar da ita ba.

Mai Tace Bidiyo, Kano

Na gode ƙwarai, Malam, Allah ya saka da alheri. Na bi abin da ka ce. Duk saƙonnin lamba 41 da na buɗe BugcheckCode ɗinsu sifili ne, babu fayil ko ɗaya a Minidump, kuma ban ga WHEA-Logger ba. Bayan na cire alamar sake tashi, ta sake mutuwa jiya da daddare kuma ba ta tsaya a kan wani allo ba, kai tsaye ta koma tambarin madabod. RAM ɗin a kwali ɗaya suka zo, suna A2 da B2, kuma MemTest86 ya gama zagaye huɗu da XMP a kunne ba tare da kuskure ba. Da na jera lokutan saƙonnin sai na ga mafi yawansu tsakanin ƙarfe bakwai ne da goma na dare.

Ɗalibin Kimiyyar Kwamfuta, Katsina

Da izinin malamaina, ni zafi nake zargi. Yaya, ka san yadda Kano take a watan Afrilu da Mayu, ɗaki kan kai digiri 40 ko kusa da haka, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe tsakanin haƙoran sanyayar furosesa. Ka sauke HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan kwamfuta, ka kunna rubuta bayanai cikin fayil, domin ko ta mutu layukan ƙarshe za su nuna maka zafin furosesa da na katin hoto a daƙiƙun ƙarshe. Ka kuma tabbatar sanyayar ta zauna daidai, an ɗaure kusoshinta huɗu, kuma man da ke tsakaninta da furosesa bai bushe ba. Wani abu mai sauƙi da ake mantawa shi ne wayar maɓallin Reset: ka zare ta daga madabod gaba ɗaya, domin maɓallin akwati mai araha kan haɗe da kansa. Idan duk wannan bai yi ba, ka sa sitabilaiza a gaban kwamfutar.

Injiniyar Lantarki, Kaduna

Assalamu alaikum. Malam mai tambaya, ni aikina haɗa sola da inbata ne, kuma abubuwa uku a bayaninka suka sa na tsaya a kan wannan zaren: lokacin da abin yake faruwa, inbatar da ke tsakaninka da wutar gari, da fawa fak ɗin da ya zo kyauta tare da akwati. Shawarar ƙanenmu na Katsina a kan HWiNFO da wayar Reset tana da kyau kuma ba ta cin kuɗi, sai dai zafi bai dace da labarin ba. Iyakar zafin wannan furosesa digiri 90 ne, kuma idan ta kai can rage gudu take yi kafin ta yi tunanin mutuwa. Ban da haka, da zafi ne da abin ya fi tsananta tsakanin azahar da la'asar, ba bayan magariba ba.

Bari in yi bayanin abin da nake zargi dalla-dalla. A cikin kowane fawa fak akwai wata babbar kafasita da ke tara caji daga wutar bango, kamar randar da ake cikawa domin a ci gaba da sha idan famfo ya ɗauke na ɗan lokaci. Ƙa'idar ƙera fawa fak ta ATX da aka daɗe ana bi ta ce ya kamata fawa fak ya iya riƙe kwamfuta na kusan milisakan 16 zuwa 17 bayan wuta ta yanke, alhali yana ɗauke da cikakken lodinsa. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wato kowane juyi milisakan 20 ne, don haka abin da ake nema ga fawa fak bai ma kai juyi guda ba. Idan yankewar ta fi abin da kafasitar za ta iya ɗauka, fawa fak yana janye siginar da ke gaya wa madabod cewa wuta lafiya take, madabod ya saki komai, sannan da wutar ta dawo ya tashi daga farko. Ƙwan fitilar ɗaki ba zai nuna maka wannan ba, talabijin ma sau da yawa ba ta nunawa.

Yanzu ka duba inbatarka. Yawancin inbatocin sola da ake sawa a gidaje suna da zaɓi biyu a saitin wutar shigowa. Ɗaya an rubuta APL, na kayan gida, wanda yake karɓar wutar gari daga bolt 90 zuwa 280 ya wuce da ita yadda take, kuma yana ɗaukar kusan milisakan 20 kafin ya juya zuwa batir. Ɗayan an rubuta UPS, yana karɓar bolt 170 zuwa 280, yana juyawa cikin kusan milisakan 10. Yawancinsu a kan APL suke fitowa daga kwali, kuma masu haɗawa sukan bar su a nan domin kada batir ya riƙa aiki duk lokacin da wuta ta yi rauni. Ka ga milisakan 20 sun riga sun zarce 17, ko da fawa fak ɗin mai kyau ne a cikakken lodi.

Inda yamma ta shigo shi ne nan. Bayan magariba kowa ya dawo gida, an kunna fankoki da firji da injin tura ruwa, sai wutar layi ta faɗi ƙasa da bolt 230 da ya kamata ta kasance. Fawa fak na kirki yana da da'irar da ake kira PFC mai aiki, wadda take ɗaga cajin kafasitar zuwa wajen bolt 380 ko 400 ko wutar bango tana 230 ko tana 180. Mai araha wanda ba shi da ita, cajin kafasitarsa yana bin ƙololuwar wutar bango ne kai tsaye: a kan 230 yana kaiwa kusan 325, a kan 180 kuwa kusan 255 kacal. Ƙarfin da kafasita ke tarawa yana tafiya ne da bolt sau bolt, don haka wannan faɗuwar ta rage shi zuwa kusan kashi 60 cikin 100, kuma abin da za a iya amfani da shi kafin fawa fak ya sallama ya fi haka raguwa. A wannan halin ko tashin kwamfuresar firji a layi ɗaya ya isa ya kayar da kwamfuta, musamman idan furosesa da katin hoto suna ja tare, kamar lokacin fitar da bidiyo.

Ka yi mini waɗannan gwaje-gwajen. Ka auna soket ɗin da mita da rana, ka sake aunawa da ƙarfe takwas na dare. Ka ɗauki hoton takardar da ke jikin fawa fak ɗin ka gaya mana amfiya nawa aka rubuta a ƙarƙashin +12V, da kuma iyakar wutar shigowa. Sannan wani dare ka kashe makunnin da ke shigar da wutar gari cikin inbata, ka yi aikinka a kan batir zalla. A ƙarshe, bayan ka rufe duk fayilolin aikin mutane, ka kunna gwajin Power na manhajar OCCT, wanda ke ɗora wa furosesa da katin hoto cikakken lodi tare, ka sa wani ya kashe wannan makunnin alhali gwajin yana tafiya, ka ga ko za ta tsallake juyawar.

Game da sitabilaiza, ban ba da shawararta ba a yanzu. Irin mai rilai, wadda kake jin tana ƙas-ƙas idan wuta tana hawa da sauka, ita ma tana yanke wutar na ɗan lokaci a duk canjin da ta yi, sai ka ƙara wata yankewar a kan wadda kake fama da ita.

Mai Gyaran Kwamfuta, Zariya

Injiniya ta kawo magana mai ƙarfi, kuma lokutan da Malam ya jera suna goyon bayanta. Zan ƙara da gyara guda ɗaya domin masu karatu daga baya: BugcheckCode mai sifili da MemTest86 mai tsabta ba su wanke RAM da furosesa ɗari bisa ɗari ba. Na sha ganin Ryzen da ke mutuwa a lokacin da ba ta aikin komai, saboda mai ita ya rage mata bolt fiye da kima da Curve Optimizer, ko kuma fawa fak ɗin ba ya jure ƙaramin lodi, wanda akan magance shi da mayar da Power Supply Idle Control zuwa Typical Current Idle a cikin BIOS. Idan gwajin wuta bai nuna komai ba, nan za mu koma, tare da fito da madabod daga akwati a ɗora shi a kan kwalinsa, domin ƙafar ƙarfe guda da aka ɗaura a inda babu ramin kusa tana iya taɓa bayansa.

Malam, kafin gwajin ka kashe ta, ka zare kebul ɗin bango, ka danna fulogi mai baki 24 da mai baki 8 na furosesa da na katin hoto har sai ka ji makullinsu ya kama. Ka duba ko akwai bakin da robarsa ta yi ruwan ƙasa, alamar ya sha zafi. Kuma komai son saninka kada ka buɗe fawa fak ɗin, domin kafasitar da Injiniya ta ambata tana riƙe cajin da zai iya kashe mutum ko bayan an zare wuta.

Mai Tace Bidiyo, Kano

Alhamdu lillahi, ina ganin mun kama bakin zaren. Ga sakamakon yadda ya zo.

Fayil ɗin HWiNFO ya nuna furosesa a kan digiri 70 da 'yan kai a daƙiƙun ƙarshe, katin hoto kuma ƙasa da haka, kuma zare wayar Reset bai canza komai ba. Mita ta nuna bolt 221 a soket da hantsi, amma da ƙarfe takwas na dare tana yawo tsakanin 176 da 185, kuma na ga lambobin sun nitse ƙasa da haka a daidai lokacin da firji ya tashi. Inbatar tana kan APL kamar yadda Injiniya ta faɗa. Takardar fawa fak ɗin kuwa, duk da babban rubutun 650, a ƙarƙashin +12V amfiya 32 aka sa, wutar shigowa 220V kawai, babu alamar 80 Plus, kuma da na ciro shi sai na ji shi sakayau a hannu, wayoyinsa sirara.

Daren da na yi aiki a kan batir zalla ban ga mutuwa ba. Da ƙanena ya kashe makunnin wutar gari alhali OCCT yana tafiya, nan take allo ya yi baƙi, daidai irin yadda take yi mini. Da muka maimaita ba tare da lodi ba, ta tsallake. Na mayar da inbatar kan UPS, abin ya ragu sosai amma bai daina ba, kuma akwai lokacin da gwajin OCCT ya kayar da ita ko a kan batir. Daga nan wani abokin sana'a ya ara mini fawa fak ɗinsa mai wat 650 na kamfani sananne, wanda aka rubuta 100 zuwa 240 a jikinsa. Da shi ta tsallake juyawar inbata a kan UPS da kan APL duka, lodi a kanta, kuma tun da na sa shi lamba 41 ba ta sake fitowa ba.

Tambayata ta ƙarshe, Injiniya da Malam: wane irin fawa fak zan saya tunda dole in mayar wa mai shi nasa, kuma shin akwai buƙatar in ƙara da ƙaramin UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta idan ta yanke, a kusa da kwamfutar?

Injiniyar Lantarki, Kaduna

Madalla, Malam, ka yi gwajin yadda ya kamata. Amfiya 32 sau bolt 12 wat 384 ke nan, kuma wannan ne ainihin ƙarfin tsohon fawa fak ɗin ko da takardar gaskiya ta faɗa, domin furosesa da katin hoto duka daga layin 12 suke sha. Furosesarka tana jan har wat 76, katin hoton wat 170, idan aka haɗa da madabod da fankoki da ma'ajiya ana maganar wajen wat 300, ban da tsallen da katin hoto kan yi na ɗan ƙanƙanin lokaci. Ka ga ratar da ta rage masa kaɗan ce, shi ya sa ya faɗi ko a kan batir.

Kamfanin Nvidia ya ba da shawarar wat 550 ga kwamfutar da ke da RTX 3060, don haka 550 zuwa 650 ya ishe ka, kuma ni 650 zan zaɓa, domin fawa fak ɗin da ke aiki a rabin ƙarfinsa yana riƙe wuta fiye da milisakan 17 ɗin da aka auna a cikakken lodi, wanda shi ne dalilin da na aron ya tsallake APL. Idan ka je saye, ka juya takardar jikinsa ka tabbatar layin +12V shi kaɗai ya kusa kai jimlar da aka rubuta, wato wajen amfiya 54 ga mai 650, wutar shigowa kuma 100 zuwa 240. Ka nemi sabo mai garanti a rubuce. Na hannu ba ka san shekarun da kafasitocinsa suka yi suna shan zafi ba. Alamar 80 Plus tana magana ne a kan rashin ɓarnar wuta, ba ita kaɗai ce shaidar inganci ba, kuma akan buga ta ƙarya, don haka ka nemi sunan samfurin a intanet ka ga ko masu gwaji sun auna shi. Idan mai cirarrun wayoyi ne, wayoyin da suka zo a kwalinsa kawai za ka yi amfani da su, domin jerin bakunan da ke shiga jikin fawa fak ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma wayar wani tana iya ƙona maka ma'ajiya ko katin hoto.

UPS ba dole ba ne a yanzu, tunda inbatarka tana yin aikinsa. Ka bar ta a kan saitin UPS, amma ka sani cewa duk lokacin da wutar gari ta faɗi ƙasa da 170 za ta koma batir, don haka ka riƙa duba cajinsa da daddare kafin ka fara fitar da dogon bidiyo. Idan nan gaba ka ga buƙatar UPS na daban, kada ka ruɗu da lambar VA: mai 650VA wat 360 zuwa 390 kawai yake bayarwa, wanda ya yi wa kwamfutarka da allonta kaɗan. Ka nemi 1000VA zuwa sama, kuma mai fitar da tsantsar igiyar wuta irin ta layi, domin wasu fawa fak masu PFC ba sa jituwa da igiya mai matakala da ƙananan UPS ke fitarwa. Ka kuma sa mai wayarin ya duba maka ko soket ɗin kwamfutar layi ɗaya yake da firjin, idan haka ne a raba su, ya tabbatar wayar ƙasa tana aiki. Bayan ka sa sabon, ka maimaita gwajin OCCT da kashe makunnin kafin ka ɗora aikin mutane a kanta.